Rarar da Mai Keke Ta Bar wa Inji

A layin nan babu mai kiranta da sunan yanka. Mai Keke ake ce mata, baƙo kuma in ya ji sai ya zaci keken hawa ne, har sai ya leƙa falonta ya gan ta a bayan keken ɗinki, tef a rataye a wuya, allura a gefen baki. Ta hau keken nan tun ana sa mata matashi a kujera don hannunta ya kai, kuma ba ta taɓa sauka ba sai don haihuwa. Shi ma da an tambaye ta, da ta ce a jira ta ƙarasa hannun riga.

Abu ɗaya aka san ta da shi, rara. Duk rigar da ta ɗinka sai ta naɗe ɗan yadi a cikin ɗinkin, ta ɓoye shi inda mai riga ba zai gani ba. 'Yan mata masu son riga ta matse su sun sha yi mata tsiwa a kan wannan, ba ta tanka musu. Bayan aure da haihuwar fari sukan dawo da rigar a leda suna kallon ƙasa, ta farke ɗinkin ta saki rarar, ba ta ce uffan ba. Shirun nan nata ya fi zagi ciwo. Ita ma ta sani, shi ya sa take yin sa.

Mijinta kuwa kafinta ne, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar rara. Sun haɗu ne ranar da ƙafar teburin kekenta ta karye aka kira shi gyara. Ya auna, ya ja layi da fensir, zai sa zarto, sai ta ce masa ya ɗan bar wani abu a kai, ko za a buƙata nan gaba. Ya ɗago ya dube ta ya ce katako ba ya ƙiba. Ta ce amma ta ga yana ramewa. A kan wannan gardamar suka yi aure, a kanta suka haifi maza biyu da mace ɗaya, har jikoki suka zo suka tarar ba a gama ta ba. Shi yana cewa ɗinkinta buhu ne, ita tana cewa ƙofofinsa in damina ta faɗi sai an sa musu kafaɗa. Maƙwabta sun daɗe da daina rabon faɗa, don sun gane hirar gidan ke nan.

Sai wata safiya Kafinta ya sunkuya zai sa takalmi, bai ɗago ba. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya yi kwanakinsa a asibiti aka dawo da shi gida, baki ya ɗan karkace amma magana tana fita, hannun dama kuma lafiya lau. Likita bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce ƙafar za ta iya dawowa in ya taka ta, in kuwa ya zauna a gado, gadon zai riƙe shi har ƙarshe. Aka haɗa su da wata ma'aikaciyar asibiti da ke zuwa gida tana motsa masa jiki. Da farko yana ba ta haɗin kai, har yana kushe sandar dogarawar da aka kawo masa, wai wanda ya yi ta bai san katako ba.

'Ya'yansa maza ne suka ɓata lamarin, kuma da zuciya ɗaya suka ɓata shi, wanda shi ya fi ban haushi, don ba ka da wanda za ka zaga. Suka yi shawara tsakaninsu a waya, suka sayar da injinan shagonsa, suka mayar wa mai shago makullinsa, har kayan garejin gida inda yakan yi ƙananan ayyuka suka kwashe. Sannan suka zo bakin gado suna murmushi kamar masu kawo albishir.

"Baba, ka huta," in ji babban. "Ka yi naka, yanzu saura mu."

Ya ce Allah ya yi albarka. Suna fita ya juya fuskarsa bango.

Daga ranar ya riƙe su a kan maganarsu, ya huta. Ma'aikaciyar asibiti in ta yi sallama sai ya rufe ido. In an ba shi abinci ya ci, in an manta ba ya tambaya. Mai Keke ta tsokane shi ta kowace hanya. Ta ce masa ƙofar banɗaki ta kumbura, aikin wani ne da bai bar rara ba. Shiru. Ta ɗauko rigarsa ta ce za ta rage ta tunda ya rame. Ya ce to. Wannan "to" ɗin ne ya kashe mata jiki, don tunda suke bai taɓa ce mata to a kan abin da ya shafi awo ba. Ta koma falo ta zauna a bayan keke, ƙafa a kan feda, ta kasa takawa. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ko a asibiti ba ta ji ba. Ta ga mutumin nan mutuwa yake shirin yi, kuma cikin ladabi zai yi ta.

Akwai wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa a bayan tashar mota, wanda ta daɗe tana yi wa iyalinsa ɗinki. Ta same shi zaune a kan mataccen injin wanki yana shan shayi.

"Hajiya, lafiya? Keken ne ya lalace?"

"Injin katako nake nema."

"Wane iri?"

"Mai ƙara."

Ya kai ta can ƙurya ya janye wani tsohon kwanon rufi. A ƙarƙashi akwai injin fere katako, irin wanda ake tura masa katako mai kaushi ta nan ya fito sumul ta can. Tsayinsa ya kai mata ƙugu, nauyinsa kuwa sai ƙarti. Tsatsa ta ci teburinsa har ya koma ja, bel ɗin ya tsinke yana reto, kaji kuma sun daɗe da mayar da shi wurin kwana, shaidarsu tana nan a kai.

"Yana tashi?" ta tambaya.

"Hajiya, ni dai ban taɓa ganin ya tashi ba. Kwance aka kawo shi, kwance yake."

"Ya yi," in ji ta. "Akwai ɗan'uwansa a gida."

Musaya suka yi. Ta ba shi kekenta na biyu, mai zigizag, wanda take yin ado a wuyan riga da shi kuma ba ta yarda kowa ya taɓa. Ta ji zafin rabuwa da shi ƙwarai, amma ba ta waiwaya ba lokacin da ake fitar da shi. Ƙarti suka sauke injin a gareji da nishi da salati. Garejin bango ɗaya yake da ɗakin da Kafinta ke kwance, kuma akwai ƙaramar taga a tsakani, shi da kansa ya fasa ta a da don ya riƙa jin in an gama abinci. Mai Keke ta buɗe tagar ta tokare ta da guntun itace. Ta ce don iska ne, ko da yake ba wanda ya tambaye ta.

Ba ta san komai game da injin katako ba. Abin da ta sani tukunya da keken ɗinki. Don haka ta ɗauko bokiti, da garin sabulu, da soson waya, ta yi wa injin wankan da bai taɓa samu ba tun da aka ƙera shi. Ta cuɗa, ta ɗauraye, ta sheƙa masa ruwa har cikin ciki. Tana yi tana faɗar abin da take yi da ƙarfi, kamar mai magana da kurma. Daga tagar ko tari ba a yi ba.

Washegari injin ya wayi gari da sabuwar tsatsa, ja wur, har ta fi ta jiya kyau. Mai Keke ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ashe sabulun bai isa ba," ta ce wa garejin. "Bari in ƙara ruwa in jiƙa shi ya kwana."

Ta ɗauki bokiti ke nan, sai ta ji murya daga taga, a dishe.

"Kananzir."

Ta ajiye bokitin.

"Wa ke magana?"

"Kananzir ake sa wa ƙarfe. Ba ruwa ba."

"Au, na ɗauka hutawa kake yi."

Ranar ta je ta sayo kananzir. Wannan kuskuren na farko dai na gaskiya ne. Waɗanda suka biyo baya kuwa, Allah kaɗai ya san wanda ta yi da gaske da wanda ta auna ta yanka.

Ta ari sifana a wurin Bakanike, maƙwabcinsu, ta fara kwance injin. Duk notin da ta cire sai ta jefa shi cikin gwangwanayen maɓallanta, manya a nan, ƙanana a can, masu tsatsa daban. Kafinta ya ji ƙarar faɗawarsu ya tambaya inda take zubawa. Da ta faɗa masa, sai da ya yi salati mai tsawo, mafi tsawon maganar da ya yi tun zuwan 'ya'yansa da albishir. Ya ce noti inda aka cire shi nan yake komawa, ba zaman dangi yake yi ba. Ta ce ita a sana'arta maɓalli maɓalli ne. Ranar da ta sanar cewa za ta ɗiga man keke a cikin boris, wurin da ƙarfen injin ke juyawa, sai ta ji ya buga bango da tafin hannu yana cewa giris, giris. Da ta fara goge tebur da samfefa tana zagayawa kamar mai wanke faranti, kunnensa kaɗai ya gaya masa, ya ce ta bi tsawo. Kafin a jima ya sa an juya masa matashi, kansa ya koma wajen taga.

Ita kuma abin mamaki, sai aikin ya shiga ranta. A cikin injin ta tarar da gidan ɓera, da guntun fensir ɗin wani kafinta da ba za ta taɓa sani ba, da garin katako da ya daskare ya zama kamar dutse. Da tsohon buroshin haƙori ta riƙa tone shi, inda buroshi bai kai ba ta sa abin farke ɗinki. Farcenta ya yi baƙi. Masu kawo ɗinki suka fara shinshina kayansu suna tambaya ko fitila ce ta zube a kai. A hankali jan ya tafi, ƙarfe ya fito fari-fari, har ta fara ganin inuwar ɗankwalinta a teburin. Ta auna tsinkakken bel da tef ɗinta ta sayo sabo. Ta ɗinka wa injin riga da ragowar yadin labule, ta sa mata leshi a baki. Rigar ta ɗan yi masa yawa, kamar yadda aka saba.

Babban ɗan ya zo gaisuwa ya leƙa gareji.

"Mama, wannan kuma mene ne?"

"Inji ne."

"Wa zai yi aiki da shi?"

"Wanda ya ga dama. Kada dai a sayar, nawa ne."

Ya sosa ƙeya ya koma falo.

Sai dai duk wannan, baki ne kawai ya tashi. Kafinta yana ba da umarni tun safe har yamma, yana faɗa, yana kushe, har ya fara neman ƙarin abinci, amma ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. In ta ce ya zo ya duba da idonsa, sai ya ce yana ji daga nan. Ya mayar da gadon ofis, ya ga ashe ana iya zama kafinta a kwance in an sami mai hannu. Ma'aikaciyar asibiti ta ja Mai Keke gefe a bakin ƙofa ta ce mata ƙafar tana ƙara sirancewa, kuma akwai lokacin da in ya wuce, ko ya so takawa ba za ta ɗauke shi ba. Mai Keke ta yi mata godiya, ta raka ta har titi, ta dawo ta tsaya a gareji tana kallon injin. Saura wuƙaƙensa kawai, dogaye masu faɗi, da ta kai aka wasa, suna nan a naɗe cikin tsumma. Su ake ɗaurewa a jikin gangar da ke juyawa a tsakiyar tebur.

Da rana, lokacin da Kafinta ke barcin bayan cin abinci, ta cire guntun itacen nan ta rufe tagar, karo na farko tun zuwan injin. Ta kira Bakanike. Ya shigo da dogon bututun ƙarfe a hannu, ya jima a ciki, ya fita ba ƙara. Ladansa shi ne ta saki rarar wandonsa, wanda ya daɗe yana sa shi ba ya numfashi.

Da safe ta buɗe taga.

"Na sa wuƙaƙen," ta ce.

"Ke kaɗai? Kin ɗaure notinsu?"

"Na ɗaure."

"Tamau?"

"Na dai ɗaure. Na bar musu rara."



"Kin bar musu me?"

"Rara. Ba kai ka ce ƙarfe in ya yi zafi buɗewa yake yi ba? To in ya buɗe ina zai je?"

"Ke! Wuƙa ce fa, ba hammatar riga ba! Gangar nan in ta juya, wuƙar fitowa za ta yi ta raba ki biyu!"

"Haka ka ce a kan man keke, ga shi ba abin da ya faru."

"Ai ba ki sa ba! Kada ki kunna! Kina jina? Kira Bakanike!"

"Ya fita. Bari dai in gwada mu gani."

Ta jawo wayar wuta a ƙasa, ta tabbata ta yi ƙara. Ta tambaya da ƙarfi ko koren maɓalli ne na kunnawa ko jan. Ya kira ta da sunan yanka, wanda rabon da ta ji shi a bakinsa tun suna ango da amarya. Ta tsaya cik, filogi a hannu, ko kusa da soket ba ta kai shi ba.

Gado ya yi ƙara. Kofi ya faɗi ya gangara. Ta ji sandar nan da ya raina ta bugi ƙasa, sannan wani abu mai nauyi ya faɗi, ƙarar gwiwa a kan siminti. Duk jikinta ya ce ta ruga. Ta saki filogin ta damƙe bakin teburin injin da hannu biyu don kada ƙafafunta su tafi ba da izininta ba. Hawaye suka zubo mata, ta bar su, don hannayen suna da aiki. A rayuwarta ba ta taɓa yin abin da ya yi mata wuya kamar tsayuwar nan ba, kuma ta tsani kanta a lokacin. Sai ta ji nishi, da zagi ƙasa-ƙasa, da sanda ta sake buga ƙasa. Bugu, sai jan ƙafa. Bugu, sai jan ƙafa. Ya bi barandar da shi ya yi mata rufi, yana zuwa a hankali kamar ana tura kabad.

Da ya bayyana a ƙofar gareji, gumi ya jiƙa rigarsa, gwiwar wandonsa ta yi ƙura, ya rame har ta ga ashe da gaske rigar tana son ragi. Ta riga ta goge fuskarta da gefen mayafi. Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya ga ba abin da ya raba ta biyu. Sannan ya dubi injin, ya daɗe yana dubansa.

"Sifana," ya ce.

Ta miƙa masa. Ya jingina ƙugunsa da tebur, ya ɗora sifanar a kan notin farko ya ja. Ko gezau. Ya gyara tsayuwa ya sake ja har jijiyar wuyansa ta fito. Notin yana nan inda Bakanike da bututunsa suka bar shi. Ya gwada na kusa da shi, haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen ganga, ba wanda ya motsa. Ya ɗago ya dube ta. Ita kuwa ta sami wani zare a jikin rigar injin da ke buƙatar cirewa nan take.

Ya ajiye sifanar a hankali. Ya shafa teburin da tafin hannunsa, tsawo, yadda ya ce mata ta bi.

"Duk sako-sako ne," ya ce. "Aikin tela. Gobe sai na dawo na sake bin su."

"To," in ji ta. "In kawo maka kujera?"

"Kujera ta marasa lafiya ce."

Ya tsaya a nan yana kushe leshin da ta sa wa injin, har wayarta ta yi ƙara a falo. Autarsu ce, mace ɗayan nan da ke aure a wani gari, wadda kullum take kira ta ji labarin garejin.

"Mama, ya ake ciki? Ya tashi?"

"Wanne?"

"Injin mana."

Mai Keke ta waiwaya. Ta ƙofa tana hango bayansa, ya sunkuya a kan ganga, hannun hagu yana reto, na dama yana lalubar bel yana neman laifi.

"Injin yana nan kwance," ta ce. "Bari in kira ki an jima, babanki yana tsaye yana jirana, bai gama faɗa ba."